Hukuncin Dasa Wa Musulmi Ƙodar Alade

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana fama da ciwon ƙoda, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Sai ga labari ya cika kafafen yaɗa labarai cewa likitoci a Amurka sun fara dasa wa mutane ƙodar alade. Shin ya halatta ga Musulmi? Kuma yaya sallarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifinka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa, don haka mu fara da abin da ya faru. A watan Janairun 2022 likitocin Jami'ar Maryland suka dasa wa wani mutum zuciyar alade, ya rayu kimanin wata biyu. A watan Maris na 2024 wani asibiti a Boston ya dasa wa wani dattijo ɗan shekara 62 ƙodar aladen da aka yi wa gyara 69 a ƙwayoyin halittarsa, domin kada garkuwar jikin mutum ta far wa ƙodar, kuma domin kashe wasu ƙwayoyin cuta na alade. Shi ma ya rasu bayan kusan wata biyu. An zaɓi alade ne saboda girman gaɓoɓinsa ya yi kusa da na mutum.

Asali dai alade haramun ne, aya ta 173 a Suratul Baƙara ta faɗa ƙarara, kuma a Suratul An'am an kira shi ƙazanta. Gaskiya ne Malikiyya suna ganin duk mai rai tsarkakakke ne, har alade, to amma wannan bai warware matsalarmu ba, domin ƙodar da aka ciro daga jikinsa hukuncinta na mushe ne.

Sai dai ayar da ta haramta ita ce ta ce wanda ya matsu, ba mai zalunci ba, ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Idan an yarda mutum ya tauna naman ya haɗiye don kada yunwa ta kashe shi, dasa gaɓa don ceton rai ya fi cancantar rangwame. Magabata ma sun taɓa makamanciyar wannan mas'ala. Imamu Nawawi ya ambata a littafinsa Minhaj cewa wanda aka ɗora masa karaya da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki, yana da uzuri.

Abin da na rinjayar shi ne ya halatta a halin larura, da sharaɗi. Dole likita amintacce, masani, ya tabbatar cewa rai na cikin haɗari, kuma babu ƙodar mutum da za a samu, wankin ma ya daina amfani. Kuma a yi wa majinyaci bayani filla-filla ya amince da bakinsa.

A nan ne nake jan hankalinka, ɗan'uwa, domin 'yan jarida suna da saurin buga ganga. Aikin nan har yanzu gwaji ne, akwai waɗanda aka cire musu ƙodar bayan 'yan watanni suka koma wanki. Larura kuwa ana auna ta ne gwargwadonta. Muddin wankin yana riƙe mahaifinka, ko akwai ɗan'uwan da zai ba shi ƙoda bisa son ransa ba da ciniki ba, to bai kai matsayin wanda ya matsu ba.

Batun sallah da sauƙi. Najasar da ke ɓoye cikin jiki ba a yi mata hukunci. Kowannenmu yana tsayuwa sallah da jini da abin da ke cikin hanjinsa. Wanda aka dasa wa zai yi alwala, ya yi sallah, ya ma yi limanci, ba sai ya rama komai ba.

Wallahu a'alam.