Shandi Lemo Ce Ko Giya? Likita Ya Amsa Tambayoyinku Kan Abin Sha Na Lokacin Zafi

Tun da hunturu ya janye, zafin Fabrairu da Maris ya sauka a Kumasi, yawancin tambayoyin da ke zuwa wannan fili sun koma kan abin sha. Da dama daga cikinsu kan shandi ne, wato giyar da ake gaurayawa da lemo. Ga guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direban pragya ne, wato keke mai ƙafa uku na haya, a yankin Aboabo da Asawase. Ranar Asabar mun je jana'izar mahaifiyar wani abokin aikinmu ɗan Asante, aka miƙo min kwalba mai sanyi aka ce shandi ce, lemo ce kawai, har mata suna sha. Na sha biyu. Da na hau keke sai na ji kaina ya yi nauyi. Rana ce ko abin da na sha ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Giya ka sha. Shandi giya ce da aka sirka da lemo mai gas, galibi rabi da rabi. Turawan Ingila sun daɗe da ita tun ƙarni na 19, Jamusawa kuma suna da irin tasu mai suna radla, kuma kamfanonin giya na nan Ghana suna yin ta a kwalba. Giyar da aka saba sayarwa tana da sinadarin maye kamar kashi 5 cikin 100, shandi kuwa yawanci kashi 2 zuwa 3. An rage ƙarfinta, amma ba a cire shi ba.

Mu yi lissafi. Babbar kwalba mai mililita 625, idan ƙarfinta kashi 2 ne, tana ɗauke da kusan giram 10 na sinadarin maye. Biyun da ka sha giram 20 ke nan, daidai da rabin lita na cikakkiyar giya. Wanda bai taɓa sha ba, ga ciki babu abinci, ga rana, dole ya ji a jikinsa. Hanta kuma ba ta gaggawa: kowace kwalba irin wannan tana buƙatar awa guda ko fiye kafin ta narkar da ita, kuma wanka ko shayi ko goro ba sa ƙara mata sauri.

Abin da ya fi damuna da shandi shi ne zaƙinta. Ɗacin giya yakan sa baƙo ya ajiye kwalba tun kurɓar farko. Lemo ya rufe ɗacin, sanyi ya rufe warin, mai ƙishirwa sai ya kwankwaɗe ta kamar ruwan leda, gas ɗin ciki kuma yana taimaka wa maye ya shiga jini da wuri. Kai kuwa rayukan mutane kake ɗauka. Maye kaɗan yakan jinkirta taka birki tun kafin direba ya san ya bugu, kuma ka san yadda yara ke faɗowa titi a Aboabo.

Nan gaba ka juya kwalba ka duba. Duk inda ka ga lamba da alamar % kusa da "alc", giya ce, ko an zana lemon tsami goma a jikinta. Hukuncin addini na malamai ne, ko da yake hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne sananne ne a kowace makarantar zango.

Tambaya: Likita, ni Kirista ne, ina shan giya jefi-jefi. Ina da ciwon suga da hawan jini, sai na koma shandi don na ji ta fi sauƙi. Akwai kuma wata mai ɗanɗanon garehul da aka kawo min daga Jamus. Na yi daidai?

Amsa: Malam, ka gudu daga tarko ka faɗa rami. Rabin da aka cire na giya, da lemon zaƙi aka cike shi, don haka sukarin shandi ya fi na giya zalla nesa ba kusa ba. Zai ɗaga maka suga nan take. Bayan 'yan awoyi kuma sinadarin maye yakan hana hanta sakin sukarin da ta ajiye, sai suga ya faɗi, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon suga ta glibenclamide. Faɗuwar suga tana kama da maye: jiri, rawar jiki, gumi, magana ba kan gado. Sai mutane su ce a bar shi ya yi barci, alhali asibiti yake buƙata.

Garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake rubuta wa grapefruit a jikin kwalba, yana da tasa matsalar daban. Yana toshe wani sinadari a hanji da ke narkar da wasu magunguna, sai maganin ya taru a jini fiye da kima. Nifedipine da felodipine na hawan jini suna ciki, haka simvastatin na kitsen jini. Ka ɗauki ledar magungunanka gaba ɗaya ka kai wa likitanka ko mai kemis ya duba. Lemon zaƙi ba shi da wannan illar. Giya kanta kuma tana ɗaga jini, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani ma'aunin giya da za a kira marar illa ga lafiya.

Tambaya: Ina da cikin wata uku, laulayi ya hana ni sakat. Maƙwabciyata ta ce shandi mai sanyi tana kwantar da tashin zuciya.

Amsa: 'Yar uwa, kada ki kusance ta. Abin da kika sha yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta ƙosa ta narkar da shi ba, ga shi ƙwaƙwalwarsa yanzu take ginuwa. Abin da ke kwantar da zuciya a cikin shandin, sanyi ne da tsami, kuma za ki same su a ruwan sanyi da kika matsa wa lemon tsami. Citta kaɗan ma tana taimako. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan. Idan ko ruwa ba ya zama a cikinki, ki je awo a ranar, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Tambaya: An ba ni Flagyl saboda ciwon ciki. Ko kwalba ɗaya ta shandi za ta yi illa?

Amsa: Ka bar ta har ka gama maganin, ka ƙara kwana biyu a kai. Haɗuwarsu takan jawo amai, bugun zuciya da ciwon kai. Tun da an zo nan, bari in ja kunnen samarin da ke haɗa ta da tramadol: dukansu biyu suna rage numfashi, kuma akwai barcin da ba a tashi.

Tambaya: Likita, ni mai shago ce a Alabar. Azumi ya zo cikin zafi, yara suna ta kawo min malt da wata mai rubutun 0.0 don buɗa baki. Me ya fi kashe ƙishirwa?

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Ruwa ne, babu na biyunsa. Mai rubutun 0.0 giya ce da aka cire wa sinadarin maye, amma a kula, wasu da ake cewa ba su da maye suna iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100, don haka a karanta kafin a saya. Malt ba ya sa maye, sai dai sukari ne cike da kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma kwalba ɗaya takan cinye fiye da rabin wannan. Shi ya sa mutum ke gama sha, kafin Isha'i maƙogwaro ya sake bushewa.

Sobolo, wato zoɓo, da lamujin, wato ruwan citta, da ruwan tsamiya duk suna da kyau idan a gida aka yi su, ke ce mai riƙe da cokalin suga. Na kan hanya yawanci zaƙi ya yi musu yawa, kuma ba a san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi ba. Burkina, wato haɗin gero da nono, da fura abinci ne, sun fi dacewa da sahur. Mai gyambon ciki ya guji lemon tsami a kan ciki wayam, ya fara da dabino da ruwa da koko.

Ki raba shan ruwan tsakanin magariba da sahur, kofi-kofi, kada ki tara shi a zama ɗaya. Launin fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Wanda kuma rana ta buge a kasuwa har ya fara jiri, a kai shi inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya kasa haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki. A jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a wuce da shi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa.