Yusef Lateef, mabushin jaz da ya zauna a Zariya

Tambaya: Malam, wani dattijo da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya ba ni labarin wani baƙar fatar Amurka, Musulmi, mai suna Yusef Lateef, wai ya taɓa zama a Zariya yana nazarin kiɗanmu, kuma wai kayan busar da ya iya ba su ƙirguwa. Da gaske ne? Mu dai mun san taura biyu ba ta taunuwa. Ya ƙware a kansu ne, ko taɓa nan taɓa can ya yi?

Amsa: Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta jami'ar. Amma kafin ya zo ya riga ya haura shekara sittin, sunansa kuma ya daɗe da kafuwa a jaz, wato kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka, don haka bari mu koma baya kaɗan.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee, sunan yankansa William Huddleston. Ya tashi a Detroit, birnin masana'antun motoci, wanda a lokacin yake cike da matasan makaɗa irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Barry Harris. Saksofon ne abin busarsa na fari: ya fara da matsakaicin da ake kira alto, sannan ya koma babban nan mai kaurin murya da ake kira teno. A 1949 ya shiga ƙungiyar shahararren mabushin ƙahon jaz Dizzy Gillespie, kuma a wannan tsakanin ne ya karɓi Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya, ya ɗauki sunan da aka san shi da shi. A 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne don karatun tsara kiɗa da busa sarewar Turawa.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Kayan da ya ƙware a kansu ƙwarewa ta gaske guda uku ne: saksofon, sarewa, da obo. Wanda bai taɓa busa ba zai ɗauka abu ɗaya ne, alhali kowanne da irin bakinsa. Saksofon yana da ɗan siririn ɓawon kara guda ɗaya a bakinsa, shi ne ke karkarwa ya ba da sauti. Sarewa ba ta da wannan, iska ake hurawa a gefen rami. Obo kuwa ɓawon kara biyu ne a manne, ɗan'uwan algaitarmu ne, kuma ramin da iska ke bi ƙanƙane ne ƙwarai, har mabushi yakan ji iska ta taru masa a ƙirji ta rasa mafita. Leɓen da ya saba da ɗaya yakan yi gardama in an kai shi ga ɗayan. Shi ya sa a tarihin jaz masu busa obo 'yan kaɗan ne, kuma Lateef yana cikin waɗanda suka nuna cewa za a iya sa shi ya yi kukan bulus, wato salon nan na baƙaƙen kudancin Amurka mai jan murya da lanƙwasa ta, wanda daga cikinsa jaz ya tsiro.

Sauran kayan, irin su basun, babban ɗan'uwan obo, da shenai ta Indiya, da argul na Larabawa, da sarewun gora iri-iri, bai ɗauke su don ya yi gasa da masu su ba. Kowanne yakan jawo shi ne in waƙa tana bukatar wata murya da saksofon ba shi da ita. Misali mafi kyau yana cikin faifansa na 1961, Eastern Sounds. Waƙar farko ya busa ta ne da shun, wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai, wadda sautukanta 'yan ƙalilan ne. Mutumin da zai iya zubo sauti ɗari a numfashi ɗaya ya tsaya a kan waɗannan 'yan kaɗan, yana juya su a hankali, har ka ji ba abin da ya rage. A ganina nan ne amsar tambayarka take. Mai taɓa nan taɓa can yakan nemi a ga yawan abin da ya iya, shi kuwa wannan ko da me ya busa, kana jin mutum ɗaya ne: numfashi mai nauyi, ba gaggawa, ga bulus ɗin Detroit a ƙarƙashi. Har kwalbar lemo da balan-balan ya taɓa sawa a faifai tun a 1957, shekarar da ya fara fitar da faifai da sunansa.

Ya koma New York a 1960, ya yi aiki da babban makaɗin jaz Charles Mingus, sannan daga 1962 zuwa 1964 yana ƙungiyar mabushin saksofon Cannonball Adderley, inda jama'a da yawa suka fara saninsa. Bai bar karatu ba. Ya yi digiri na farko da na biyu a makarantar kiɗa ta Manhattan, ya kuma sami digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts a 1975, da bincike da ya kwatanta tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. A 1981 ya wallafa wani katafaren kundi na matakan sauti da ya tattaro daga al'adu daban-daban, wanda har yau ɗaliban busa suke atisaye da shi.

Abubuwa biyu game da halinsa suna burge ni. Na farko, ya ƙi kalmar jaz ɗin kanta, domin yana ganin an yi mata ma'anoni na raini da ba su dace da aikin mutanensa ba. Sai ya ƙirƙiro nasa sunan, wanda ma'anarsa ita ce kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Na biyu, wajen 1980 ya daina wasa a gidajen da ake sayar da giya. Duk wanda ya san cewa a irin waɗannan wurare ne mabushin jaz yake samun yawancin abincinsa zai gane wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

A Zariya ya mai da hankali kan sarewar Fulani makiyaya, ya koyar, ya kuma yi aiki da makaɗa da 'yan wasan cibiyar. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan wasanni da kiɗan Hausa, wanda ya fito a 1987. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan. Abin da nake so ka lura da shi: mutum ne da duniya ta riga ta sallama masa, ya zo ya zauna yana koyo a wajen mabusan da ba su da takardar shaida ko ɗaya.

Bayan komawarsa ya koyar a Massachusetts. Faifan da ya fitar a 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa, ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka. A 1992 ya kafa kamfanin faifai nasa, YAL, a 2010 kuma hukumar fasaha ta Amurka ta ba shi lambarta mafi girma ta jaz. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 yana da shekara 93.

In za ka fara saurarensa, kada ka fara da wanda ya ci kyautar, ba shi ne mafi ƙarfin aikinsa ba, haka ma wasu faya-fayan ƙarshen shekarun 1970 da kayan lantarki suka danne busarsa. Fara da Eastern Sounds, ka bi da Live at Pep's na 1964, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a Philadelphia, inda za ka ji saksofon da sarewa da obo duka a hannunsa. Daga nan sai ka nemi In Nigeria, ka kasa kunne ga yadda busarsa take bin gangunan.