Amsar Kawu Kan Masu Zaɓen Shugaban Amurka

'Yata, gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana tafiya daidai. Saƙonki ya iso. Kin ce kin ji cewa a Amurka mutum kan fi kowa ƙuri'a kuma ya faɗi, don wasu wakilai 538 ne ke da ta cewa, shi ne kike tambaya ko irin masu zaɓen sarki ne na wurinmu, kuma su wa ke jefa ƙuri'a tun farko. Tambayar ta faranta mini rai, don na daɗe ina koyar da wannan a aji kafin in yi ritaya.

Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. A Kano Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta sarauta suke riƙe da ita, ta gidajensu ce, suna nan ko da zaɓe ko babu. Wakilan Amurka kuwa aikin rana ɗaya ake ɗauko su yi, su taru a jiharsu, su rubuta suna, kowa ya koma gida. Manyan da suka zauna a Filadelfiya a 1787 suna rubuta tsarin mulki ne suka ƙirƙiro abin. Suka ba kowace jiha wakilai daidai da yawan 'yan majalisarta na tarayya, na dattawa da na wakilai a haɗe, suka bar wa majalisar kowace jiha ta ga yadda za ta fitar da nata.

Shi ya sa a zaɓen farko, daga ƙarshen 1788 zuwa farkon 1789, akwai jihohin da talaka bai ma san ana yi ba. A Jojiya da Karolina ta Kudu 'yan majalisa ne suka naɗa wakilan. Niyu Yok majalisarta ta kasa daidaitawa har lokaci ya ƙure, ba ta tura kowa ba. Jihohi 10 suka shiga, wakilai 69 suka yi zaɓe ranar 4 ga Fabrairun 1789, duk suka rubuta sunan Joj Washinton. A ƙasar da mutanenta suka kusa miliyan 4, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 2 cikin 100 ba.

Mai zaɓe a yawancin wurare namiji ne, farar fata, mai shekara 21, mai fili ko mai biyan haraji. Kuma kada ki ɗauka akwai labule ko akwatin sirri. A Bajiniya mutum zai hawo doki daga gonarsa zuwa harabar kotu, ga jami'i zaune, ga magatakarda da alƙalami, sau da yawa ga 'yan takara ma a wurin. A kira shi, ya ɗaga murya ya faɗi wanda yake so, a rubuta, wanda aka ambata ya miƙe ya yi godiya. Ki duba halin wanda mai gonar da ke binsa bashi yake tsaye a gefe yana saurare.

Ke da kike mace, ga abin da nake so ki riƙe. A Niyu Jasi matan da suka mallaki dukiyar da ta kai fam 50, galibi zawarawa da marasa aure, sun yi ta zaɓe, haka ma baƙar fata 'yantattu masu irin wannan dukiya. A 1807 majalisar jihar ta ƙwace wannan dama. Sai 1920 tsarin mulki ya tabbatar wa mata 'yancin zaɓe a duk ƙasar. Mu ma nan Arewa, a zaɓen 1959 kakarki ba ta da ƙuri'a, maza kaɗai suka yi layi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar bayi. Bawa ba ya zaɓe, amma wajen raba kujeru sai aka ce a lissafa kowane bayi 5 a matsayin mutum 3. Wato mai bayi 100 ya ƙara wa jiharsa nauyin mutum 60, kuma muryar da aka samu da kawunansu ita ake amfani da ita a ci gaba da riƙe su. A ƙidayar 1790 'yantattun Bajiniya da na Fensilbaniya ba su da nisa a yawa, kowacce ta ɗan haura dubu 400. Amma Bajiniya na da bayi kusan dubu 293, sai ga ta da wakilai 21 a zaɓen 1792, Fensilbaniya na da 15. Cikin shugabanni 5 na farko, 4 'yan Bajiniya ne, dukansu masu bayi. Waɗannan bayi kuwa daga Afirka aka kwashe su ko iyayensu, da yawa daga yammacinta, wasunsu Musulmi masu karatu. Duk sanda na zo nan a aji sai na ɗan dakata.

Yadda wakilan ke zaɓe ma daban yake da na yau. Kowanne sunaye 2 yake rubutawa, ba ya cewa wannan shugaba wannan mataimaki. Wanda ya zo na ɗaya da rinjaye ya hau, na biyu ya zama mataimaki. An yi zaton dattawa ne za su duba cancanta da kansu, sai jam'iyyu suka ɓullo. A 1796 Jon Adams ya samu 71, Tomas Jefason 68, abokan hamayya suka zama shugaba da mataimaki. A 1800 Jefason da abokin takararsa Aron Bur suka yi kunnen doki, 73 kowanne, majalisar wakilai ta yi ƙuri'a har sau 36 kafin Jefason ya fita. Wannan ya sa aka gyara tsarin mulki a 1804, aka raba ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki.

Daga nan sannu a hankali jihohi suka miƙa wa jama'a zaɓen wakilan, aka rage sharaɗin dukiya ga fararen maza. Karolina ta Kudu ce ta ƙi sakewa har 1860. Baƙar fata maza an rubuta musu 'yancin zaɓe a 1870, amma a Kudu sai bayan dokar 1965 suka samu shiga rumfa da gaske. Wakilan suna nan har yau, sai dai jam'iyya ce ke tsayar da su, kuma in ban da jihohi 2, wanda ya ci jiha shi ke kwashe nata duka. Ta haka a 2016 Hilari Kilinton ta fi da ƙuri'a kusan miliyan 3, amma Donal Turam ya haye wakilai 270 ɗin da ake nema cikin 538.

Ki gaida mahaifiyarki. In kin zo hutu ki tuna mini in nuna miki tsohuwar taswirar jihohi 13 da nake koyarwa da ita, tana nan cikin akwatina.

Kawunki.