Inshorar lafiya a Amurka: ta kasuwar gwamnati ko kai tsaye daga kamfani?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Houston, na ga tambayarka. Ka ce ka bar aikin kamfani ka koma tuƙin Uber, inshorar wurin aiki ta yanke, ga mai ɗaki da yara biyu, ga ciwon suga, kuma wani dillali ya kira ka yana tallar wata mai araha da za ka saya kai tsaye daga kamfani, ba sai ka bi ta HealthCare.gov ba. Na daɗe ina sana'ar kaina a ƙasar nan, duk shekara ni nake saya wa gidana, don haka bari in ce wani abu.

Kada ka biya dillalin nan ko sisi sai ka fara cika takarda a HealthCare.gov. Cikawar kyauta ce, kuma ba ta wajabta maka saye.

Mutanenmu da yawa suna zaton gwamnati ce ke sayar da inshora a can. A'a. Kamar kasuwa ce da hukuma ta gina rumfuna, 'yan kasuwa suka baje haja. Da yawa daga kamfanonin da ke sayarwa a waje su ne a ciki, kuma tsari iri ɗaya kuɗinsa ɗaya ne ko ta ina ka saya. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010, wadda ake kira ACA, ita ce ta kafa ta, aka fara amfana a 2014. Wasu jihohi, irin su New York da Kalifoniya, suna da tasu. Ku na Texas ta tarayya kuke bi. Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne tallafi. Ragin da gwamnati ke yi wa kuɗin wata-wata ta kasuwar nan kaɗai yake fitowa. In ka saya a waje, ko da ka cancanta, ka yi asararsa, ba kuma za ka karɓo shi lokacin haraji ba.

Ga inda direbobi ke cutar kansu. In aka zo gurbin kuɗin shiga, sai mutum ya buɗe manhajar Uber ya kwafo jimillar da ya gani. Ba ita ake nema ba. Ribar da ta rage bayan an cire kuɗin tafiyar da sana'a ake so, wato abin da za ka biya haraji a kansa. Na taɓa zama da wani maƙwabcina da ya haƙura cewa ya fi ƙarfin tallafi. Muka ɗauko takardar harajinsa ta bara, muka sa lambar da ke jiki, nan take allon ya canza, kuɗin wata ya faɗo. Amma kar a yi wayo a rage fiye da gaskiya. A farkon shekara za a aiko maka takarda mai lamba 1095-A, ka cika takardar haraji mai lamba 8962 da ita, a kwatanta abin da ka faɗa da abin da ka samu. In an ba ka fiye da haƙƙinka, sai ka mayar. In samunka ya ƙaru a tsakiyar shekara, shiga ka gyara lambar.

Kai da kake da suga, ka fi zura ido kan Silver. Matakai huɗu ne: Bronze, Silver, Gold, Platinum. Bronze tana da daɗin biya a wata, amma sai ka kashe dubban daloli daga aljihunka kafin kamfani ya fara ɗaukar nauyi sosai. Akwai ragi na biyu da ke sauke wannan kuɗin aljihu, kuma a Silver ta cikin kasuwa kawai ake ba da shi, ga wanda samunsa bai wuce kashi 250 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, wato adadin kuɗin shiga na shekara da gwamnati ke auna talauci da shi. A 2025 ma'aunin gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne, ka ga iyakar ta kai wajen dala 80,000. Yaran ma wataƙila a tura su Medicaid ko CHIP, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu da yaransu, takarda ɗaya ce ke tantance duka.

Wani abu da ya shafe mu musamman: ma'aurata sai sun cika haraji tare ake ba su tallafin, ban da 'yan yanayi kaɗan. Masu iyali a gida, Kano ko Damagaram, da ke cikawa daban, su tambayi mai yi musu haraji tukuna.

To yaushe saye kai tsaye ke da amfani? In samunka ya wuce iyakar tallafi. Ƙarin tallafin da aka kawo a 2021 an tsara shi ne zuwa ƙarshen 2025, ba tare da shi ba kuwa iyakar ninki huɗu ne na ma'aunin talauci. Mai irin wannan samu wani lokaci yakan tarar da wata Silver mafi araha da a waje kaɗai ake sayarwa, domin tun 2017 kamfanoni a jihohi da yawa suke ɗora wani ƙari kan Silver ta cikin kasuwa. Haka wanda likitansa ba ya cikin kowane tsari na kasuwar. Sai kuma 'yan'uwa da takardun zamansu a ƙasar ba su daidaita ba: kasuwar ba ta karɓarsu, amma kamfani zai iya sayar musu da cikakken farashi.

Abin da ya fi damuna shi ne arahar da dillalin ya ambata. Tsarin da ya bi dokar 2010 ba ya ƙin mutum don tsohon ciwo, ba ya ƙara masa kuɗi dominsa, dole ya haɗa da magani da haihuwa, kuma akwai iyakar abin da za ka kashe a shekara, dala 9,200 ga mutum ɗaya a 2025. A waje kuwa ana sayar da na gajeren wa'adi da na karo-karo waɗanda dokar ba ta hau kansu ba. Wani abokina ya sayi irinsa, aka kwantar da shi a asibiti, kamfanin ya tono tsoffin takardunsa ya ce ai hawan jinin ya riga inshorar, ya ƙi biya. Har yau yana biyan asibitin kaɗan-kaɗan. Ka tambayi dillalin ƙarara: wannan ya cika sharuɗɗan ACA? Ya rubuto maka amsar. In ya fara tambayarka tarihin ciwonka kafin ya faɗi farashi, ka riga ka samu amsa.

Ba duk dillali ne mugu ba. Mai lasisi zai iya shigar da kai ta kasuwar da tallafinka, kamfani ke biyansa lada, ba kai ba.

Kowanne ka zaɓa, ka rubuta sunan likitanka da insulin ɗin da kake amfani da shi a gurbin bincike, sannan ka kira ofishin likitan ka tabbatar, don jerin nan yakan tsufa. Kuma ka duba ranar da inshorar aikinka ta yanke. Kwana 60 gare ka daga ranar. In ta wuce, sai ka jira a buɗe rajista ran 1 ga Nuwamba, inshorar kuma ba za ta fara aiki ba sai Janairu. Allah Ya ƙara lafiya.