Kowa na neman shawarata, amma da addu'a ake biyana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin ƙaramar hukumar Bunkure ne, na yi difloma a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Na yi shekara 3 ina aikin malamin gona da wata ƙungiya, bara kwantiragin ya ƙare. Da ɗan abin da na tara na kafa rumfa ina sayar da iri da maganin feshi. Damuwata ita ce manoma kan zo su ɗauke ni in duba musu gona, wani lokaci in wuni a can, man babur ma daga aljihuna, ƙarshe sai "Allah ya yi albarka". Ina so wannan aikin ya zama sana'ata, ba sai na jira wata ƙungiya ta ɗauke ni ba. Amma kunya ta hana ni yanka musu kuɗi, don yawancinsu sa'o'in mahaifina ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Addu'ar manya ba abin rainawa ba ce, sai dai mai sayar da fetur ba ya karɓarta, balle tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Amma kada ka ga laifinsu. A ƙauyukanmu ba a saba sayen magana ba. Malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, gwamnati ce ke biyansa, kai ma shekara uku ƙungiya na biyanka kana zuwar musu kyauta, wataƙila har da irin gwaji a bayan babur. To da wane baki yau za ka ce a biya ka don ka kalli ganye ka faɗi sunan cuta? Manomin da yake sallamarka da addu'a shi ne dai yake biyan mai garma da mai feshi da mai injin casa ba tare da gardama ba, saboda aikinsu yana da mafari yana da ƙarshe, ido kuma yana ganinsa. Naka ilimin a cikin hira yake fita, ita kuwa hira ba a taɓa yi mata farashi ba. Saboda haka kafin ka yi maganar kuɗi, sai ka fara sassaƙa abin da ka sani ya zama aikin da za a iya nunawa da yatsa.

Na taɓa tsayawa a bakin wata fadama, wani yaro ya zagaye iyakar gonar wani dattijo da waya a hannu yana aunawa. Dattijon tun gadonsa yake kiranta eka biyu, a kan haka yake biyan mai tarakta, a kan haka yake sayen taki. Da yaron ya dawo inda ya fara, waya ta nuna eka ɗaya da 'yan kai. Tsohon ya cire hula ya shafa kansa, ya yi shiru yana lissafin shekarun da ya yi yana biyan kuɗin ƙasar da ba shi da ita. Babu wanda ya ce masa ya biya, da kansa ya zura hannu a aljihu. Aikin bai kai rabin awa ba. Irin wannan nake nufi. Awon gona aiki ne. Rainon irin tumatir har ya isa dashe aiki ne. Ka tsaya a kan mai feshi ka ƙirga tanki nawa na lita 16 ke rufe eka, ka auna masa maganin kowane tanki, wannan ma aiki ne, kuma mai gona zai ga kwalbar da ta ragu.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, ba daga waɗannan dattawa abincinka zai fito ba. Wanda ya fi yawan tambayarka daban, wanda zai riƙa biyanka daban. Duba ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da suke karɓar hayar gonaki a Kura da Bunkure da Garun Malam saboda ruwan noman rani na madatsar Tiga. Mutum ya zuba kuɗi masu nauyi a eka biyar ko goma, amma sai Asabar yake leƙowa, wani satin ma ba ya samun zuwa. Ba ya barci da kyau. Yana tunanin ko takin da ya aiko ya shiga ƙasa ko ya koma kasuwa ta bayan gida, ko an ba shinkafa ruwa a kan lokaci, ko tsutsar sharon ta sauka a tumatir, wadda kowa ya ga ɓarnar da ta yi a 2016. Wannan mutumin ba sunan cuta yake nema ba, ido yake nema da amana. Ka je masa da magana a fili: zan shiga gonarka sau biyu a mako, a gabana za a zuba taki, duk Alhamis zan turo maka bidiyon gonar ta WhatsApp da lissafin abin da aka kashe, kai kuma ka biya ni kaza duk wata. Ka samu mutum huɗu ko biyar irinsa, ka fi ƙarfin jiran kwantiragi. Kada kuma ka yarda su zama mutum ɗaya komai girman gonarsa, ka riga ka ɗanɗani abin da ke faruwa idan mai biya guda ya tattara ya tafi.

Batun nawa za ka yanka, ba zan faɗa maka adadi ba, don farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ka zauna da biro ka haɗa man da za ka ƙona a wata, da gyaran babur, da katin waya, da cinikin da rumfa ke rasawa duk ranar da ka rufe ta. Wannan jimlar ita ce uwar kuɗi, ba ka ci komai ba tukuna. A kanta za ka ɗora ladan iliminka. Kuma a yi maganar kafin ka tayar da babur, ba bayan an dawo ana wanke ƙafa ba.

Ni ma da kaina na sha wannan ruwan. Farkon fara aikina wani bawan Allah ya nemi in tsara masa takardar kasuwanci zai kafa injin gyaran shinkafa. Mako uku ina yawo tsakanin masu turara da masu injin ina tattara lissafi, ban yi zancen kuɗi ba don kada a ce na cika son abin duniya. Ya kai takardar inda zai kai, buƙatarsa ta biya, sai ga yaronsa da kwandon mangwaro da saƙon gaisuwa. Mangwaron dai ya yi zaƙi. Tun daga ranar rabin kuɗi nake karɓa kafin in buɗe littafi, kuma ban ga wanda ya ƙi ni saboda haka ba sai wanda da ma bai yi niyyar biya ba.

Ƙananan manoma kuwa, kuɗinsu sai kaka. Kada ka matsa wa mutum a lokacin da yake neman na taki. Ka haɗa su ƙungiya, a ce mutum goma masu gonaki kusa da juna, ta yadda shiga ɗaya za ka zagaye su duka, a yi yarjejeniya kowa zai ba ka kwano kaza ko rabin buhu idan an yi girbi. A ambaci adadin tun farko, kada a ce "za mu ga abin da Allah ya bayar", wannan cinikin biri ne a sama, malaman fiƙihu ma sun sharɗanta ladan ijara, wato ɗaukar mutum aiki, ya zama sananne. A yi a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar, a rubuta a takarda. Ranar casa kuma ka kasance a wurin da buhunka, domin shinkafar da ta shiga rumbu fitowarta da wuya.

Yanzu rumfar. Kada ka rufe ta, ita ce za ta riƙe ka a watannin da babu mai biya. Amma akwai tarko a cikinta. Ranar da manomi ya fara zargin cewa duk cutar da ka gano maganinta yana kan teburinka, daga ranar shawararka ta zama talla. Idan ka duba gona, rubuta masa sunan sinadarin da yake buƙata, ka ce ya saya inda ya ga dama, ya dai duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa. Idan kuma matsalar ba ta magani ba ce, ruwa ne ya yi yawa ko takin ne bai isa ba, faɗa masa kada ya sayi komai. Za ka rasa cinikin kwalba ɗaya, shi kuma sai ya ba da labarin a majalisa har ya gaji. Kuɗin rumfa da na shawara kada su kwana a aljihu ɗaya, in ba haka ba shekara za ta zagayo ba ka san wanne ke ciyar da wanne ba. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta gaggawa ba ce, amma ka yi ta kafin ka tunkari kamfanonin shinkafa da ke raba wa manoma iri da taki bashi, don su da asusun banki mai sunan sana'a suke son hulɗa.

Abu biyu ka kiyaye bakinka da su. Kada ka taɓa yi wa kowa alkawarin buhu kaza a eka, ambaliya da tsuntsu ba su san da yarjejeniyarku ba, aikinka kawai za ka yi alkawari. Kuma abin da ba fanninka ba ne ka ce ba ka sani ba. Idan aka kira ka saniya ba ta da lafiya, nuna musu likitan dabbobi.

Saura su Baba da kake jin kunya. Ba sai ka zama marar mutunci ba. Ka yi musu ƙofa ta kyauta: duk wanda ya tsinko ganye ko ya tumɓuko shuka ya kawo rumfa, ka duba masa ba ko kwabo, ka ba shi wurin zama. Zuwa gona ne ke da kuɗi. Gobe idan ɗayansu ya ce ka taso mu je, ka rusuna ka gaishe shi, ka ce: "Baba, yanzu ba ni da albashi, wannan yawon shi ne nomana. Kuɗin zuwa kaza ne, amma in ka aiko yaro da ganyen nan rumfa, zan duba maka yanzu-yanzu." Na farkon ne mai nauyi a baki. Kafin kasuwa ta ci sau biyu zance ya gama gari, masu zuwa kuma za su zo da kuɗin mai a hannu.