Kuruz ɗin Marsandi yana yankewa: kada ka fara da sayen kaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce C-Class ɗinka ƙirar W203 tana sakin kuruz (na'urar riƙe gudu) da kanta kana cikin tafiya, wani lokacin fitilar ESP (na'urar hana mota sulɓi) ta kama, kuma bakanike ya ce a canza sandar kuruz da ke jikin sitiyari. Don Allah ka dakata tukuna. Na shekara da shekaru ina hawan irin wannan motar, kuma na taɓa sayen sandar nan a banza.

Na'urar riƙe gudu ba kasafai ita ce ke lalacewa ba. Tana sauraron birki, da gudun tayoyi, da juyin sitiyari, duk wanda ya ba ta labarin da ba ta yarda da shi ba sai ta saki totur. Haka aka tsara ta, don tsaron ranka.

Abin da ya wahalar da ni ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne. Motocin nan an ƙera su tsakanin 2000 da 2007, dole irin wannan abu ya gaji. Inda yake yaudarar mutane shi ne hanya biyu gare shi a ciki: ɗaya ta fitilun baya, ɗaya ta kwamfutar mota. Sai ka taka birki, a ce maka fitila tana kamawa lafiya, alhali ɗaya hanyar ta mutu. Bakaniken da na fara kai wa ya tsaya a nan, ya canza min sanda, kwana biyu matsala ta dawo. Ranar da aka sa sabon makunni, ko minti talatin aikin bai ci ba, matsala ta tafi, kuma fitilar ESP ɗin ma ta mutu.

Idan ba shi ba ne, a duba sensar gudu ta kowace taya. Datti ko tsinkewar waya ya isa. Ka duba tayoyinka ma: in girmansu ya bambanta, kwamfuta za ta ɗauka wata tana sulɓi. Batir mai rauni shi ma yana haddasa wannan rikicin.

Wani abu da kan rikita sababbin masu motar: sandar tana da aiki biyu. In fitilar LIM tana kunne a jikinta, kana kan mai ƙayyade gudu ne, ba kuruz ba. Danna sandar ciki ta koma kan kuruz. Kuma kuruz ba ya kamawa ƙasa da kilomita 30 a awa.

Ka nemi mai kwamfutar Star, wato na'urar binciken matsala ta Marsandi, ita ce ke shiga har sashen ESP, ƙananan na'urorin nan yawanci inji kawai suke karantawa. Ka ce ya nuna maka gudun tayoyi huɗu da siginar birki ana tafiya. Kafin nan ka daina kunna kuruz ɗin, musamman da iyali a mota. In ya fitar da lambar matsalar, turo mu gani.