Madara da ƙwai a injin burodi tun dare: wuta za ta kashe komai?

Tambaya: Ina so in riƙa zuba kayan haɗi tun dare, in saita agogon jinkiri, in tashi in tarar da burodi da zafinsa. Sai dai haɗin nawa akwai madarar ruwa da ƙwai. Wata ta ce min ba komai, wuta za ta kashe komai. Yara ne ke ci, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, gara da kika tambaya. Saitin kansa ba wuya. Lambar da kike sawa ita ce tazarar yanzu zuwa lokacin da burodi zai gama gasuwa, ba lokacin fara kwaɓi ba. In ƙarfe 9 na dare ne, kina son shi ƙarfe 6 na safe, sa awa 9. Ruwa a ƙasa, fulawa ta rufe shi ruf, sannan ki yi ɗan rami a sama ki zuba yis, nesa da gishiri da danshi. In littafin injinki ya faɗi wani jeri daban, bi nasa.

Amma zancen nan na "wuta za ta kashe komai" ya ishe ni, kullum sai na ji shi. Injin ba firji ba ne. Burodin na ɗaukar awa 3 zuwa 4, sauran awa 5 ko 6 madara da ƙwai suna zaune ne a zafin ɗaki. Tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Celsius ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma ƙa'ida ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje. Haka ne, gashi na kashe ƙwayoyin. To gubar da suka riga suka zuba fa? Ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus na barin guba wadda zafin gashi ba ya lalata ta, kuma tsakiyar burodi da ƙyar take kai digiri 95. Ba wari, ba canjin ɗanɗano, sai amai cikin 'yan awanni. Masu cewa "na daɗe ina yi ban ga komai ba" sa'a suka ci, kuma cikin yaro ba na babba ba ne.

Ki koma madarar gari, ki zuba ta a kan fulawa, ki auna ruwa a madadin ta ruwan. Ƙwai, cuku da ɗanyun 'ya'yan itace kuwa ki bar su sai ranar da za ki kunna injin nan take.